Siminti Ba Gyara Ba Ne Ga Ginin Kakanni

Na gaji da ganin wannan ɓarnar a garuruwanmu, daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji: mutum ya samu 'yan kuɗi, sai ya ce zai "gyara" tsohon zauren gidan hakimi ko masallacin da kakanni suka ɗora, ya sayo buhunan siminti ya lulluɓe laka da shi. Jama'a na sa masa albarka, alhali ya gama kashe ginin.

Kayan tarihi ba sai hasumiyar Agadas ba, wadda UNESCO ta shigar da tsohon garinta cikin gadon duniya a 2013. Tsibiri ma tarihi ne. Can Gobirawa suka kafa sabuwar fadarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma Nijar na da dokar kare irin wannan gado tun 1997. Amma doka ba ta hawa tsani ta yi yaɓe.

Laka tana shan ruwa da damina, ta fitar da shi da rani. Siminti kuwa ba ya barin komai ya fita. Da ya tsage, kuma dole ya tsage, ruwa ya sulale ta bayansa ya maƙale. Daga waje bango sumul, ciki ya zama kunu. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ba kowa a ciki. Ran da aka yi ruwan Agusta mai ƙarfi, sai ya zube gaba ɗaya, a ce ai ginin ƙasa ba ya daɗewa. Ƙarya ce! Masallacin Jenne a Mali yana tsaye tun 1907 saboda duk shekara mutanen gari na fitowa su yaɓe shi.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Kafin ruwa ya sauka a duba indararo, a tabbata yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. A cike inda ya zaizaye da laka mai ciyawa wadda aka bari ta ruɓa, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. A duba azara ko gara ta shige ta. A hana ɗaure dabbobi a jikin bango.

Masu hali, kuɗin simintin nan ku ba tsofaffin magina, ku haɗa su da yara su koya tun suna da rai.