Tsofaffin Kuɗin Rumawa da Shaidar da Suke Bayarwa

Kalmar zinariya ta samo asali ne daga dinari na Larabci, shi kuma dinari daga "denarius", watau kuɗin azurfar Rumawa. Ashe ke nan sunan kuɗin Rum ya daɗe a bakin Bahaushe. To, mene ne ya sa masana suke wahalar tara waɗannan tsofaffin kuɗi, alhali ba su sayen ko ƙwayar gero?

Dalili shi ne, kowane ɗaya shaida ne. A shekara ta 44 kafin Miladiyya aka fara buga kan Yuliyas Kaisar a jikin kuɗi a birnin Rum yana da rai. Daga zamanin Agustas kuma abin ya zama al'ada: sarki na hawa sai a buga kamanninsa da sunansa da muƙamansa, don talakan da ba zai taɓa ganinsa ba ya san mai ƙasa. A shekara ta 69 Miladiyya sarakuna huɗu aka yi. Ɗayansu, Oto, wata uku kacal ya yi, amma ga fuskarsa nan har yau a jikin azurfa.

Ƙarfen kansa ma yana magana. Kuɗin Agustas kusan tsantsar azurfa ne, amma wajen shekara ta 268 azurfar da ke ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Sarki yana iya yabon kansa a rubuce, amma ma'auni shi ke tona asirin baitulmalinsa.

Wannan shaida ta shigo har tsakiyar Sahara. A 1925 aka tone wani kabari a Abalessa, a kudancin Aljeriya, wanda Buzaye suke dangantawa da kakarsu Tin Hinan. A ciki an sami ɗan fallen zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337. Da wannan aka tabbatar ba a rufe kabarin kafin ƙarni na 4 ba.

Darasin bai tsaya ga Rumawa ba. A 1906 Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi, a 1907 kuma aka fara buga kwabo da anini masu huda, ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na 7, waɗanda sannu a hankali suka ture wuri daga kasuwa. Akwai ma kwabon 1936 mai sunan Edward na 8, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba. Shi ne Oton zamaninsa.

Irin waɗannan kuɗi, da sulalla da fataka, an daɗe da daina karɓarsu, amma ba a rasa su a adakar tsofaffi a garuruwa irin su Kaugama. Haɗarin da ke kansu biyu ne: maƙerin fari da zai narkar da su ya yi zobe, da mai gogewa har rubutu ya shafe. Saboda haka wanda ya samu, kada ya kankare shi, ya kuma rubuta inda aka same shi da hannun da ya fito. Kuɗin da aka san inda ya fito tarihi ne. Wanda aka narkar kuwa, an rufe bakinsa har abada.