Neman boris ɗin injin Baba

A shagon waldar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana a Kano, akwai wani injin huda ƙarfe na tsaye wanda ya girme ni. Ƙirar Ingila ne, jikinsa duk zubin ƙarfe, ƙarti uku ba sa ɗaga shi sai da nishi. Duk ƙofa ko taga da ta fita daga shagon nan tun ina yaro, shi ya huda mata gurbin noti. Yayana ne ke riƙe da shagon yanzu. Ni malamin makaranta ne, iyakata da sana'ar in leƙa ranar Asabar in sha shayi.

Bara da damina injin ya fara gurnani. Tsinken huda ya riƙa rawa, ramin da ya kamata ya fito da'ira sai ya fito kamar ƙwai. Rana ɗaya tsinke biyu suka karye, ɓarin ɗaya ya wuce ta gefen idon yaron shago. Ga kuma aikin kujerun wata makaranta an karɓi rabin kuɗi, kowace kujera tana jiran ramuka takwas. Yaya ya ce shi ya gaji, a kira 'yan gwangwan su auna injin a kilo, a cika kuɗi a sayo sabo. Na roƙe shi ya ba ni mako biyu.

Da muka kwance kan injin sai muka ga ciwon ƙarami ne. Sandar da ke juya tsinke tana zaune ne cikin wani bututu mai hawa da sauka, boris ɗaya a samanta, ɗaya a ƙasanta, sai wasu biyu can sama wurin da bel yake ja. Shi boris zobe biyu ne na ƙarfe, ƙarami cikin babba, da ƙwallaye a tsakaninsu. Na ƙasan ne ya cinye, ƙwallayensa sun yi tabo, giris ɗinsa ya bushe ya koma kamar laka. Sandar kuwa miƙe take, babu lanƙwasa.

Na sa tsohon boris ɗin a aljihu na shiga kasuwa, domin a nan ƙa'idar ciniki ɗaya ce: kawo samfur. Mai shagon farko ya jujjuya shi, ya ɗauko sabo ya kara su baki da baki, ya ce, “Malam, shi ne, 6203.” A ido kam tagwaye ne. Da na kai shago, zoben waje ya ƙi shiga gurbinsa, na ciki kuma yana lilo a jikin sanda. Wani makanike maƙwabcinmu ya ba da shawara nan take: a goge gurbin da magagari, a naɗe sandar da gwangwanin madara, a buga. Ya ce haka suke yi kullum, kuma na yarda, domin na sha ganin irin wannan gyaran. Yana aiki wata biyu, sannan ya tafi da sandar da gurbin gaba ɗaya.

Wannan ne ya sa na zauna na koyi karanta lambar da ke jikin boris, kuma na yi mamakin sauƙinta. A 6203, lamba 6 tana nufin nau'in boris mai layin ƙwallo ɗaya cikin kwari mai zurfi, wanda ya fi kowane yawa a fanka da babur da injin ban ruwa. Lamba 2 tana nuna ajin ƙarfinsa, 3 ta fi ta kauri. Biyun ƙarshe su ne faɗin ramin ciki: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17, daga 04 zuwa sama kuma sai a ninka da biyar, wato 6204 raminsa 20, 6205 kuma 25. Harufan da ke biyo baya su ma magana ce. ZZ marfin ƙarfe ne gefe biyu, 2RS marfin roba, C3 kuma ƙwallayen suna da ɗan ƙarin sarari saboda wurin da zafi ke yawa. Tsari ne da manyan kamfanoni suka haɗu a kansa, shi ya sa 6203 na Japan da na Jamus duk awonsu ɗaya: 17 a ciki, 40 a waje, kauri 12.

Sai na ari ma'aunin kauri mai muƙamuƙi biyu a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu na auna namu. Ciki 15.9, waje 39.7, kauri 11.1. Babu ko ɗaya da ya faɗa kan cikakkiyar lamba. Na maimaita har sau uku ina zargin hannuna, kafin ya faɗo mini a rai cewa injin nan ba da milimita aka ƙera shi ba. Awon inci ne. Kashi biyar cikin takwas na inci shi ne milimita 15.875. Najeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, kasuwarmu ta bi, amma injunan da Turawa suka shigo da su kafin nan suna nan da incinsu. Bambancin da ya hana 6203 shiga gurbi bai kai sulusin milimita ba.

Kwana huɗu na yi ina yawo tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Na ƙirga shaguna goma sha ɗaya, biyu kacal na ga ma'auni a cikinsu. Ba zan ɗora wa 'yan kasuwa laifin duka ba, tunda mu masu saye ba ma tambaya, kuma mafi yawan cinikinsu na babur ne da mota, waɗanda lambobinsu sanannu ne. Amma abin takaici ne a ce kayan da ake ƙerawa da awon kashi ɗaya cikin dubu na milimita, mu da ido da babban yatsa muke cinikinsa.

A rana ta biyar wani yaro ya raka ni wata rumfa a lungu, wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana riƙe da ɗakin ajiyar kayan gyara a wata masaƙa kafin a rufe ta. Bai ko dubi awon da na rubuto ba. Ya ɗiga kananzir a gefen zoben, ya goge da tsumma, ya kai shi hasken rana. Ashe akwai rubutu a ƙarƙashin dattin: Hoffmann, LS 7.

“Ɗana, wannan ai ya girme ka,” in ji shi.

Na ce, “Baba, ana samun irinsa kuwa?”

Ya ce, “Da wannan sunan ba za ka samu ba. Ka ce RLS 5.”

Ya jawo wani tsohon kundi da bangonsa ya yage, ya nuna mini layin da sunayen suke jere: abin da Hoffmann ya kira LS 7, wasu kamfanonin Ingila LJ 5/8 suke ce masa, SKF kuma RLS 5, lambar 5 ɗin tana nufin biyar cikin takwas na inci. Kamfanin Hoffmann na garin Chelmsford ya haɗe da wasu biyu a 1969 suka zama RHP, daga baya NSK na Japan ya saye su a 1990. Sunan ya ɓace, amma har gobe ana ƙera boris mai wannan awon. Lallai da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, rumfar babu ko yaro ɗaya mai koyo, kuma kundin nan ban san hannun da zai faɗa ba.

Ya buga waya Legas, ya ce a sako guda huɗu masu marfin roba. Na asalin buɗaɗɗe ne, amma a cewarsa wanda ya ƙera shi bai san ƙurar hunturun Kano ba. Kafin in tashi ya ja mini kunne game da jabu. Ya ɗauko boris biyu a kwali iri ɗaya, da sunan babban kamfani iri ɗaya, ya ce in zaɓi na gaske. Na zaɓi wanda ya fi sheƙi, na faɗi. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce, har SKF ya fito da manhajar waya da ake tura hoton boris da kwalinsa don a tantance. Shi dai dattijon ma'auninsa ɗaya ne: in kuɗin ya yi arahar da ta ba ka mamaki, ajiye musu kayansu.

Bayan kwana shida saƙon ya iso tasha. Kuɗin duka huɗun da na mota bai kai na buhun siminti biyu ba. Wajen sakawa na bi abin da ya gindaya mini. Sandar ta kwana a firjin mai sayar da ƙanƙara don ta ɗan tsuke. Ba a buga guduma kai tsaye, sai an ɗora guntun bututu a kan zoben da ake son ya shiga: na ciki in a sanda ne, na waje in a gurbi ne. In bugun ya ratsa ta ƙwallaye, an yi wa sabon boris tabo tun bai juya ba.

Yaya da kansa ya kunna injin. Babu gurnani, sai ƙarar bel. Ya ɗaura tsinken milimita 10 ya huda guntun ƙarfe, ya ɗaga ramin yana dubawa, ya tura noti ya shiga cif. Bai ce mini komai ba, ya juya ya ce wa yaron shago ya fara jero ƙafafun kujeru.

Biyun da suka rage suna cikin akwatin Baba, naɗe a ledarsu. Ni kuma na samo jan fenti na rubuta RLS 5 a cikin marfin bel, da awon ukun a ƙarƙashinsa. Na sama guda biyu ba mu taɓa su ba tukuna, Yaya ya ce sai an kai kujeru.