Ko Ka Sani? Injin Niƙa Da Ƙurar Dalma A Anka Da Bukkuyum

Ko ka san injin da ya niƙa duwatsun zinare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin wanda ake niƙa dawa da masara da shi ne? Faranti biyu na ƙarfe ne a cikinsa, ɗaya a tsaye, ɗaya na juyawa da ƙarfin injin dizal ta hanyar bel. Mahaƙa su farfasa dutse da guduma, su zuba a mazurari, ya fito gari. Daga nan a wanke garin, a murza shi da zaiba ta kama zinaren, a ƙona dunƙulen zaiba ta tashi, zinare ya rage.

Matsalar tana wajen niƙan, don a bushe ake yin sa. Dutsen wannan yanki cike yake da dalma, kuma muddin yana dunƙule cikin rami ba ya cutar da kowa sosai. Injin ne ke mayar da shi ƙura mai laushi. A da, sau da yawa a tsakiyar gari ake aikin, har cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida, kan tabarma da kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin zuƙar dalma, ga ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙosawa ba.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara na ta jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara kimanin 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, bincike ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Allah ya jiƙansu.

Sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, kafin a ba yara maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, domin wanda ya koma gurɓataccen gida zai sake kwasa. Ƙauyen Bagega kuwa ya jira har 2013 kafin a share shi, jinkirin da bai kamata ba.

Don kauce wa ƙurar, akwai injin da ke niƙa dutse cikin ruwa, garin ya fito taɓo, ƙura ba ta tashi. Ya fi tsada, kuma dole a killace ruwan da ya fito a rami nesa da rijiya da gidaje.