Sankarar mama: kuɗin bincike daga ina, kuma ina namu rabon?

Ƴan uwa mata, duk watan Oktoba za ku ga ma'aikatan lafiya da ƙyalle ruwan hoda a ƙirji, rediyo kuma na ta maganar sankarar mama. Ana gama watan sai maganar ta lafa. Abin da ba a cika faɗa muna ba shi ne wa ke biyan kuɗin binciken wannan cuta.

A Amurka sun yi wata dubara da ta yi kama da adashenmu. A shekarar 1998 gidan wayarsu ya fito da tambur na musamman, wanda kuɗinsa ya ɗara na sauran tambur kaɗan. Mai son aika wasiƙa, in ya ga dama ya sayi wannan, ba tilas. Rarar da ke kai gwamnati ke tarawa, ta miƙa wa masu binciken sankarar mama. Wani likitan fiɗa mai suna Ernie Bodai ne ya yi ta kai da kawowa har majalisarsu ta amince. Da waɗannan ƴan canjin an tara fiye da dala miliyan 80, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Mu da munka san yadda zubin dala ashirin duk mako ke zama jarin akuya, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Mu a Nijar ba mu da irin wannan tambur, amma ba a zaune ake ba. Tun 1992 akwai rajistar masu sankara a sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma ita ce ta nuna cewa sankarar mama ce ke gaba a cikin sankarorin mata. A 2007 gwamnati ta sa dokar kula da sankarar mata kyauta. A 2021 kuma cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, can Yamai, ta fara gashin cutar da na'ura, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

To ga inda gizo ke saƙa. Rajista ba ta ƙidaya sai wadda ta je likita. Matar da ta ji ƙululu a mamanta ta yi shiru don kunya, ko aka ce mata jifa ne, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa a ɗaki, ba ta cikin lissafin kowa. In mata ɗari sun kamu a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa amma kaɗan sunka shiga takarda, masu rabon kasafi kaɗan ɗin nan za su gani. Masu bincike ma ba za su san shekarun da cutar ke kama matanmu ba, balle irin maganin da ya fi karɓarsu. Ni a ganina wannan ya fi rashin tambur ciwo.

Kuma kyautar da doka ta ce ba ta haɗa da kuɗin mota ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ga abinci, ga masauki, ga mai jinya. Nan ne yawanci magana ke tsayawa, maigida ya ce a bari sai bayan kaka.

Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, kafin ya bazu wasu ƙasashe. Kusan kowace ƙungiya tana da akwatin taimako na biki, suna da rasuwa. Shawarata ga shugabanni, a ware wani kaso daga ciki, ko dala biyar ce kowace mace a mako, a rubuta shi daban a littafi da sunan kuɗin awo. Kada ya zama bashi mai riba, don wadda ke tsoro ba za ta ci bashi ta je neman mugun labari ba. A kuma zaɓi mace guda mai riƙe sirri da za ta yi rakiya.

Wadda ta ji ƙululu, ko ta ga kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemu, ta fara da likitar unguwa, ungozoma ta duba ta ba ta takardar zuwa babbar likita. Ba kowane ƙululu ne sankara ba, awo kaɗai ke rabewa. Sakatarorin ƙungiyoyin Sabon Gari, ku sa wannan batu cikin zaman ƙarshen wata, kafin a kai ga rabon kuɗin shekara.