Takardun Hukuma da Kisan Shugabanni: Darasi daga Abijan

1.0 Gabatarwa

Idan aka kashe shugaban ƙasa, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Akan rasa dogari, ko direba, ko ɗan sanda a wannan rana ko kwanakin da suka biyo baya. Abin da ke saura bayan ƙura ta lafa shi ne takardun hukuma, wato sanarwa da rahoton bincike da hukuncin kotu. Wannan maƙala za ta duba yadda waɗannan takardu suka bayyana kisan Janar Robert Guéï a Abijan, ta kuma kwatanta shi da wani misali daga Amurka, domin ɗalibi ya ga irin lurar da ake bukata wajen karanta su.

2.0 Abin da ya faru

Janar Guéï ya hau mulkin Kwaddibuwa ne ta juyin mulkin 24 ga Disamba 1999, wanda ya kawar da Henri Konan Bédié. Ya sauka a watan Oktoba 2000, bayan zaɓen da ya kawo Laurent Gbagbo. Da asubahin 19 ga Satumba 2002 wasu sojoji suka yi bore a Abijan da Bouaké da Korhogo. Cikin wuraren da suka kai wa hari har da barikin jandarma na Agban da ke Adjamé, unguwar da kasuwar Black Market take, inda Hausawa da sauran baƙi ke saye da sayarwa. Kafin rana ta faɗi an kashe ministan cikin gida, Émile Boga Doudou, an kashe Guéï da matarsa Rose, da dogarinsa Kyaftin Fabien Coulibaly, da wasu masu tsaronsa. A kwanakin da suka biyo baya jami'an tsaro suka rushe tare da ƙona unguwannin talakawa da ke kusa da barikin, bisa zargin cewa 'yan tawaye na ɓuya a ciki. Baƙi da yawa suka rasa matsuguni.

3.0 Matakai uku na bayanin hukuma

Mataki na farko shi ne sanarwa. Gwamnatin lokacin ta ɗora wa Guéï alhakin boren, aka kuma nuna gawarsa a talabijin. Iyalansa da jam'iyyarsa ta UDPCI sun musanta zargin. Gawar ta zauna a ɗakin ajiya har watan Agusta 2006 kafin a yi jana'iza.

Mataki na biyu shi ne bincike, wanda bai fara ba sai a watan Satumba 2012, shekara guda da 'yan watanni bayan faɗuwar Gbagbo. Dokar ƙasar ta ba da wa'adin shekara 10 na shigar da ƙarar kisa, don haka aka kai ƙorafi ana saura kwanaki wa'adin ya cika, mai gabatar da ƙara na soja Ange Kessi ya buɗe fayil.

Mataki na uku shi ne hukunci. A ranar 18 ga Fabrairu 2016 kotun soja ta Abijan ta yanke ɗaurin rai da rai ga mutum uku, ciki har da Kwamanda Anselme Séka Yapo, jami'in jandarma da ya shugabanci masu tsaron Simone Gbagbo, da Janar Brunot Dogbo Blé, tsohon shugaban dakarun fadar shugaban ƙasa. Bayanin da aka gabatar wa kotu shi ne, an ɗauko Guéï daga majami'ar Saint-Paul da ke Plateau, inda ya nemi mafaka, sannan aka harbe shi. Waɗanda ake tuhuma sun musanta. A 2024 Shugaba Alassane Ouattara ya yi wa Dogbo Blé afuwa.

Ke nan ƙasa ɗaya ta ba da bayani biyu masu karo da juna a kan kisa ɗaya, tsakaninsu shekara 13 da 'yan watanni, kuma kowanne ya fito ne a ƙarƙashin gwamnati daban.

4.0 Waɗanda ba su da babban suna

A watan Oktoba 2002 'yan tawaye suka kashe gomman jandarmomi da suka tsare a Bouaké, tare da wasu 'ya'yansu. Rahoton ƙungiyar Amnesty International na Fabrairu 2003 ne ya fito da labarin dalla-dalla ga duniya, daga bakin waɗanda suka tsira.

A nan misalin Amurka yake da amfani. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Shugaba John Kennedy a Dalas da ƙarfe 12:30 na rana. Kimanin minti 45 bayan haka aka harbe wani ɗan sanda, J. D. Tippit, a unguwar Oak Cliff. Da kisan Tippit aka fara tuhumar Lee Harvey Oswald, kafin na shugaban. Oswald bai gurfana a kotu ba, domin Jack Ruby ya harbe shi bayan kwana biyu. Amma kwamitin Warren ya tattara shaidar waɗanda suka gani, da kwanson harsashi, da rikodin rediyon 'yan sanda, ya kuma tabbatar a rahotonsa na 1964 cewa Oswald ne ya kashe Tippit. A 1992 aka yi dokar da ta tilasta buɗe takardun ga jama'a. Har yanzu akwai masu jayayya da sakamakon, sai dai suna jayayya ne da takarda a hannu, kuma sunan ɗan sandan na cikinta.

5.0 Abin lura ga ɗalibin harshe

Harshen sanarwa yakan ɓoye mai aikatawa. A Hausa ana yin haka da "an" da "aka". Jimlar "an kashe Janar" ta faɗi aikin, ta bar mai yin sa a duhu. Jimlar hukunci kuwa dole ta ambaci suna: wane ya kashe wane. Haka nan "ya rasu" da "an kashe shi" ba ɗaya ba ne. Misali na kusa shi ne Nijar, inda gwamnati ta kira kisan Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara na 9 ga Afrilu 1999 da sunan hatsari. Mai fassara daga Faransanci ko Turanci ya kula kada ya ƙara mai aikatawa inda asali bai ambata ba, kada kuma ya shafe shi inda aka ambata.

6.0 Kammalawa

Duk takardar hukuma da ta zo hannun ɗalibi, ya yi mata tambaya uku: wa ya rubuta ta, a wace shekara, kuma wa ke kan mulki a lokacin? Sai ya ƙara ta huɗu, ya duba sunayen waɗanda aka kashe a ranar, ya ga wa aka ambata, wa kuma aka taƙaita shi da "da wasu".