Gundumar Kance: Inda ɗakin amarya ke cin gonar uba

Da zarar an gama girbi a ƙauyukan gundumar Kance, sai a shiga bugun tubali. Samari su kwaɓa ƙasa a bakin kududdufi, su jera tubali a rana ya bushe, domin rani ne lokacin bukukuwa, kuma amarya ba ta tarewa sai an yi mata ɗaki. Idan cikin gidan uba ya cika, sai a fita bayan gari a yanki gefen gonar da ta fi kusa. Wurin da aka ɗaure damin hatsi bana, baɗi ya zama tsakar gida da turken awaki.

A wajen gundumar, sunan Kance ya fi fitowa idan ana maganar mata da yaran da ke tafiya Aljeriya. Amma wannan labarin yana farawa ne tun daga gida, daga lissafin yawan bakunan da ke ci da faɗin ƙasar da ke ciyar da su.

Ƙasa ɗaya, mutane na ƙaruwa

Kance tana kudu maso yammacin birnin Damagaram, a kan iyaka da Najeriya, tana fuskantar ƙasar Daura. Babban garinta shi ne Matamaye. Ƙananan hukumomi tara ne a cikinta: Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawce, Dungu, Icirnawa, Kurni, Tsawni da Yawuri. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2,400 ba, abin da ya sa take cikin ƙananan gundumomin ƙasar.

Ƙidayar 2001 ta samu mutane kusan dubu 250 a gundumar. Ta 2012 ta samu kusan dubu 400. Wato a cikin shekara 11 an ƙaru da kimanin mutum dubu 150, adadin da ya isa ya cika babban gari. A shekarar 2012, kowane murabba'in kilomita na Kance yana ɗauke da sama da mutum 160, alhali matsakaicin Nijar baki ɗaya bai kai 15 ba. Gaskiya ne galibin ƙasar Nijar hamada ce, amma ko a cikin yankin noma na kudu, Kance na sahun gaba wajen cunkoso, tare da maƙwabtanta Magarya da Mirya.

Idan aka raba ƙasar gundumar ga mutanenta, a 2001 kowa zai tashi da kusan hekta ɗaya. A 2012 rabon ya sauko zuwa kashi shida cikin goma na hekta. Wannan lissafin ya haɗa da filin gidaje, hanyoyi, kasuwanni, maƙabartu da burtali, saboda haka abin da ake nomawa bai kai haka ba. In ƙaruwar ta ci gaba da irin wancan saurin, yau mutanen Kance sun haura dubu 600.

Dalilin ƙaruwar ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram kuma adadin ya haura takwas. Binciken 2021 ya nuna ya sauka zuwa 6.2 a faɗin ƙasa. Ƴan mata uku cikin huɗu suna aure kafin shekara 18. A gefe guda, rigakafi da kulawar asibiti kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wadda aka fara a 2006, sun sa yara da yawa suna rayuwa. Wannan alheri ne, kuma kowane yaron da ya rayu zai buƙaci abinci, aji, sannan ɗaki.

Rabon gado

A da, iyali na noma gandu ɗaya a ƙarƙashin maigida, a yanka wa mata da samari ƴar gamana, wadda wasu ke kira gayauna, su noma abin kansu. Ana barin wani sashe ya huta shekara biyu ko uku. Yanzu saura ta yi wuyar gani a Kance. Ana shuka gona kowace damina, ƙasar kuma jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta jure noma babu taki.

A ɗauki misali. Magidanci ya rasu, bayan an fitar da rabon matansa hekta 4 ta rage, ga ƴaƴa maza huɗu da mata huɗu. Bisa rabon Musulunci, kowane namiji zai samu kashi biyu cikin uku na hekta, mace kuma rabin haka. Hektar hatsi a Nijar tana ba da kilo 400 zuwa 500 a shekarar da ruwa ya yi daidai. Ke nan ɗan da ya gaji wannan yanki zai girbe kilo 300 da ɗoriya. Mutum ɗaya yana buƙatar sama da kilo 200 na tsaba a shekara. Gida mai mutum bakwai zai share rumbun kafin wata uku. Sauran wata tara sai awo a kasuwa, tiya bayan tiya, kuma kuɗin awon dole su fito daga wani wuri.

Idan ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar mace ce ake fara karɓewa. Sau da yawa ƴaƴa mata suna karɓar kuɗi a madadin rabonsu, ko su bar shi a hannun ƴan'uwansu maza. Matar da aka saki ko mijinta ya rasu tana iya samun kanta da yara a gaba, babu fegin da za ta shuka ko yakuwa. Mai ƙaramar gona kuma, in rashin lafiya ko biki ya taso, jingina yake bayarwa. Gonar da aka jinginar ba kasafai take komawa hannun mai ita da wuri ba.

Ɗakin ƙasa da rufin kwano

Yawancin gidajen gundumar na ƙasa ne: bango na tubali, rufin soro a kan azara, ko ɗakin ciyawa, da dangar kara ko zana a kewaye. Ginin ƙasa yana da sanyi a bazara, kayansa kuma suna kusa. Sai dai yana son kulawa. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an duba inda gara ta ci azara. Aikin maza ne, kuma lokacin yin sa ya zo daidai da lokacin da mazan ke wurin biɗa. Azarar giginya mai ƙarko ta yi tsada, shi ya sa ake amfani da itacen da ba ya daɗewa.

Cunkoso ya ƙara wata matsala. Ramukan da ake haƙar ƙasar gini suna cikin gari ko a bakinsa. Da damina su cika da ruwa, su jiƙa gindin bangon da ke kusa, su zama matattarar sauro daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma yara suka rame. Mafi yawan gidajen karkara a Nijar ba su da masai. Can baya ana fita bayan gari, yanzu bayan garin ya zama unguwa. A kwarin Korama, inda ruwan ƙasa yake kusa, wannan na barazana ga rijiyoyin da ake sha.

Daminar 2024 ta nuna iyakar ginin ƙasa. A faɗin Nijar ambaliya ta kashe mutane kusan 400, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. An ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A watan ne gwamnati ta rage farashin siminti da kimanin kashi 35 cikin 100.

Ragin ya taimaki mai ɗan hali. Ga wanda hatsinsa ba ya kai wata uku, bulo da siminti sun yi nisa. Shi ya sa a ƙauyukan yankin rufin kwano da bangon siminti suka zama alama: galibi gidan da ke da su yana da wani a waje. Maƙwabta suna gani, kuma abin da ido ya gani yana da tasiri a kan wanda zai tafi baɗi.

Kudu ta yi wuya

Tun kaka da kakanni, mafitar mutanen Kance ita ce kudu. Hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto tana shiga Daura ta wuce Kano, kuma Naira tana yawo a kasuwannin yankin kamar Sefa. Maza na zuwa cin rani, ga ruwa, ga dako, ga shayi, mata kuma aikatau. Akwai lokacin da gyaɗa ke riƙe da mutane a gida, har Matamaye tana da masana'antar matse man gyaɗa. Farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa suka karya wannan kasuwa.

A ƴan shekarun nan hanyar kudu ta sha toshewa. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar tsawon watanni, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Faɗuwar darajar Naira tun 2023 ta sa abin da ɗan cin rani ya tara a Kano, in ya canza shi zuwa Sefa, ba ya sayen buhunan da yake saye a da.

Hanyar arewa

Ɗaya hanyar tana bi ta Damagaram, Tanut, Agadas da Arlit, ta ƙetare iyaka zuwa Tamanrasset, daga nan zuwa biranen arewacin Aljeriya. Abin da ya bambanta Kance da sauran yankuna shi ne mata da yara sun yi yawa a cikin matafiyan, kuma da dama bara suke yi ko aikin gida. Kuɗin mota sau da yawa bashi ne ko jinginar gona. Wasu yaran ma ba na masu tafiya da su ba ne, iyaye ne ke ba da su da sharaɗin a raba abin da aka samo. Yaron da ya tafi ya bar aji.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa. Daga Disambar 2014 aka fara maido da ƴan Nijar daga Aljeriya a jerin motoci, bisa fahimtar juna tsakanin gwamnatocin biyu. A watan Mayun 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda hukumomin soja suka soke a Nuwamban 2023. A watan Maris na 2022, jirage sun kwaso ƴan Nijar sama da 1,000 da ke bara a titunan Dakar, da yawansu daga Kance da Magarya.

Duk da mutuwa, kora da doka, tafiyar ba ta tsaya ba. Wadda aka maido ta tarar da rumbun da ta bari yadda yake, ga bashin kuɗin mota a kanta. Da yawa suna sake ɗaura niyya.

Abin da ƙasar ke da shi

Kance ba ta rasa abin dogaro ba. Tun shekarun 1980 manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙa barin tsiron gawo a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Yawan jama'a ne ma ya tilasta wannan dabara, kuma masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarinta.

Akwai kuma fadamun Korama, inda ake noman rake, rogo, dankali, tumatir da kabeji da rani. Raken yankin yana kaiwa kasuwannin Damagaram da wasu garuruwa. Ƙaramin fegi a fadama, in akwai rijiya da injin ban ruwa, yana iya kawo kuɗin da gona babba a jigawa ba za ta kawo ba. Matsalar ita ce fadamar ba ta isa kowa, rairayi yana cike wasu wuraren, kuma amfanin yana fitowa lokaci ɗaya farashi ya faɗi.

Ga ƴan asalin yankin da ke Yamai, Kano, Agadas ko ƙetare, waɗanda ke aiko da kuɗi gida, zaɓin yana da nauyi. Jika ɗari na iya zama kwanon rufi, ko fansar gonar da aka jinginar, ko rijiya a fadama, ko kuɗin da zai riƙe ƙanwa a makaranta shekara guda. Kowanne yana da hujja. Abu ɗaya da ba ya cin kuɗi da yawa shi ne takarda: tun dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye na ƙauye da na ƙaramar hukuma suna ba da shaidar saye, kyauta, aro ko jingina. Wanda ke nesa ya fi kowa buƙatar ta, domin rigimar gona takan taso ne lokacin da mai ita ba ya nan.

Jariran da aka ƙidaya a goye a 2012 yanzu sun zama samari da ƴan mata. Nan da ƴan shekaru su ma za su buƙaci ɗaki, kuma tubalin da za a buga musu daga ƙasar gonakin nan zai fito.