Kwalin Aike da Dokar Shara a Jamus: Nauyin da ke kan Masu Sayarwa ta Intanet

Duk abin da aka saya ta intanet a cikin wani abu yake isowa: kwali, ko ambulan mai kauri, ko leda, ga salatif da aka liƙe baki da shi, ga takardar da aka cusa don kada kaya su fashe a hanya. Mai saye zai buɗe ya ɗauki kayansa, sauran kuma ya zama shara. To, wa zai biya kuɗin kwashe wannan shara da sake sarrafa ta? A ƙasar Jamus an daɗe da ba da amsa: wanda ya zuba kaya a cikin kwalin ya aika, shi ne zai biya.

Asalin wannan tsari yana komawa ga shekarar 1991, lokacin da Klaus Töpfer yake ministan muhalli. Kafin nan ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyin sharar gidaje baki ɗaya. Dokar 1991 ta ɗora wa masana'antu da ƴan kasuwa alhakin karɓar abin da suka ƙunshe kayansu da shi bayan an gama amfani da shi. Da yake ba zai yiwu kowane kamfani ya riƙa bin gida-gida yana neman kwalayensa ba, sai suka haɗu a kan kamfani guda mai suna Duales System Deutschland, wanda aka kafa a 1990, suna biyansa shi kuma yana kwashewa. Daga baya wasu kamfanoni irinsa suka shigo ana gasa. Matsalar da ta daɗe tana damun tsarin ita ce ta ƴan cin bulus, wato masu aika kaya ba su biya ko sisi ba, alhali ana kwashe shararsu da kuɗin wasu. Da cinikin intanet ya bunƙasa sai abin ya ƙara muni.

Domin toshe wannan kafa aka yi sabuwar doka wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2019. Ta ba wata hukuma mai mazauni a birnin Osnabrück ikon riƙe kundin rajista da ake kira LUCID. Rajistar kyauta ce, kuma kowa yana iya buɗe kundin ya duba sunan wanda ya yi.

Inda masu sayarwa suka fi ruɗewa shi ne bambancin da dokar ta yi tsakanin kwalin jigila da kwalin aike. A idon mutum duk kwali kwali ne, amma dokar ba ta duba abin da aka yi shi da shi, inda ya saba ƙarewa ya zama shara take dubawa. Alal misali, masana'antar takalma ta loda ƙafa ɗari biyu a manyan kwalaye, ta jera su a kan dandamalin katako, ta naɗe da leda, ta aika wa ɗan kasuwa. Waɗannan duk kayan jigila ne, domin a shagon ɗan kasuwa ko a ma'ajinsa za su tsaya. Idan kuwa ɗan kasuwar ya ɗauki ƙafa ɗaya ya sa a ƙaramin kwali ya aika wa wata mata a Hamburg, wannan kwalin aike ne, domin a kwandon sharar gidanta zai ƙare. Salatif ɗin da takardar cushen da ledar ciki duk suna bin hukuncin kwalin.

Kwalin aike shi ne mai nauyi. Dokar ta ɗora wa mai aikawa abubuwa uku. Zai yi rajista kafin ya aika ko da ƙunshi ɗaya. Zai ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikin kamfanonin kwashe shara, ya biya gwargwadon nauyi da irin abin da ya yi amfani da shi, kilon leda kuwa ya fi kilon kwali tsada nesa ba kusa ba. Sa'an nan zai ba da rahoton yawan kilon ga kamfanin da kuma hukumar, kuma tilas alƙaluman biyu su zo daidai. Babu wani ƙaramin adadi da aka yafe, mai aika ƙunshi goma a shekara da mai aika miliyan goma duk doka ɗaya ce ta hau kansu. Abin da manyan suka ƙara shi ne, wanda ya kai kilo 50,000 na takarda da kwali a shekara, ko 80,000 na gilashi, ko 30,000 na sauran abubuwa kamar leda da ƙarfe, sai ya kawo bayanin da mai bincike ya tantance kafin 15 ga Mayu.

A nan ya kamata a lura da kalmar "mai samarwa". A harshen dokar ba masana'antar da ta ƙera kwalin ake nufi ba, wanda ya fara cika shi da kaya ya shigar da shi kasuwar Jamus ake nufi. Saboda haka ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga Sin da kansa, nauyin akwatin da kayan suka zo a ciki ma yana iya komawa kansa. Har tsohon kwali bai tsira ba: wanda ya sake amfani da shi wajen aike sai ya biya, sai fa in yana da shaidar cewa an riga an biya a kansa. Wannan tanadi yana da wuyar karewa, tunda yana tsananta wa mutumin da ya yi abin da ya fi dacewa da muhalli.

Shi kuwa kwalin jigila ba a biya masa wancan kuɗi. Abin da ke kan wanda ya aiko shi shi ne ya karɓe shi kyauta ya kai inda za a sake amfani da shi ko a sarrafa shi, ko da yake ɓangarorin biyu suna iya daidaitawa a kan wata hanya dabam. Daga 1 ga Yuli 2022 shi ma aka wajabta masa rajista.

Wannan rana ta 2022 ita ce ta ba dokar haƙora. Tun farko akwai tara, har Yuro 100,000 ga wanda bai yi rajista ba, da Yuro 200,000 ga wanda bai biya kamfanin shara ba, amma kama ƙaramin mai sayarwa da ke wata nahiya ba abu ne mai sauƙi ba. Sai aka ɗora wa kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay da Etsy alhakin tabbatar da cewa duk mai sayarwa a dandalinsu yana da lambar rajista. Wanda ba shi da ita, a rufe masa hanyar sayarwa zuwa Jamus. Bugu da ƙari, tunda kundin a buɗe yake, abokin gasa yana iya duba sunan mutum, in bai gani ba ya sa lauya ya aika masa da takardar gargaɗi, kuɗin lauyan kuma a wuyan wanda aka gargaɗa.

Dokar ba ta tsaya a kan iyakar Jamus ba. Maƙerin azurfa a Agadas ko baduku a Damagaram, in ya buɗe shago a intanet yana aika wa masu saye a Jamus kai tsaye, shi ma mai samarwa ne. Kuɗin da zai biya a kan ƴan kilon kwali ba su taka kara sun karya ba, wahalar tana wajen cike takardu da wani harshe, ga shi kuma rajistar Jamus ba ta aiki a Faransa ko Ostiriya, kowace ƙasa da nata tsarin.

Wannan rarrabuwa tana cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta yi doka guda mai lamba 2025/40, wadda ta samu ƙarfin doka ranar 11 ga Fabrairu 2025, aka kuma tsayar da 12 ga Agusta 2026 ranar fara aiki da yawancin tanade-tanadenta. Ta taɓo har girman kwali: daga 2030 ko jim kaɗan bayan haka, wurin da ba kaya a cikin kwalin jigila ko na aike kada ya wuce kashi 50 cikin ɗari, kuma takarda ko ledar iska da aka cusa don cike giɓi ana lissafa ta ne a cikin wurin da ba kaya.